Tara Saura Minti Biyu

Ƙarfe tara saura minti biyu.
Na gama ƙirgar cinikin yini,
na ɗaure 'yan ɗari biyar-biyar da roba,
Sadisu ya ja ƙofar kanti har rabi.
Ƙafafuna, da tun hantsi suke tsaye,
sun fara yi mini zancen gida.

Sai ga fitilu sun haske titin Ƙofar Ƙaura,
baƙar mota, gilashinta kamar hadarin Agusta.
Yara suka taso daga teburin mai shayi:
"Shi ne! Wallahi shi ne!"
Manajan da ɗazu ya ce wa wata tsohuwa
mai neman sabulu ɗaya, "Sai gobe, Iya, mun tashi,"
shi ya ɗaga ƙofar da hannunsa,
baki har kunne.

Na san shi mana. Wa bai san shi ba?
Muryarsa ke tashi in an kira wayata.
Na taɓa zubar masa da hawaye
ran da ya fito a ɗan dako cikin fim,
aka hana shi ladan wuninsa,
ya dubi sama ya ce Allah ya isa.

Ya shigo da mutum shida
da ƙamshin da ya fi albashina tsada.
Takalmi na ɗaya, na biyu, na goma sha ɗaya.
Wannan ya matse, wancan launinsa bai yi ba,
sauko da na sama, a'a mayar, kawo na farkon.
Sadisu na hawa tsani yana sauka
kamar guga a rijiyar da ta ƙafe.
Agogon bango ya wuce goma,
babu wanda ya kalle shi sai ni.

A Ƙofar Guga, Inna na bakin tabarma,
ba ta haɗiye maganin hawan jini
sai ta ji takuna a soro.
Tuwo ya yi ɓawo, miya ta kwanta.
Ɗiyata Rumasa'u ta yi barci
da littafin lissafi a kan ƙirji,
aikin da na ce ta jira, za mu yi tare.

Bai tambayi sunana ba.
Ya ce, "'Yan mata, matso a yi hoto,
gobe ki samu abin nuna wa ƙawaye."
Na matsa. Har murmushi na yi.
Ai talaka wani lokacin
da haƙoransa yake biyan kuɗin haya.

Sha ɗaya saura kwata ya fita
da safa biyu a leda,
su ma sai da manaja ya yi masa ragi.
Masu keke duk sun tashi. Ɗayan da ya rage
ya ninka kuɗin sau uku, ya ce dare ne.
Ban yi musu ba, gaskiyarsa,
shi darensa yana da farashi.
Nawa daren ne aka bayar kyauta,
kamar gyara a kan mudun gero.

Ba zagi na zo yi ba, mai suna,
Allah ya ƙara maka ɗaukaka.
Amma ƙofar da ka tarar rabi a rufe,
a bayanta akwai wata ƙofar
da ake jiran mutum ya buɗe,
kuma ita ba ta san ka ba.

A cikin keken na canja kiɗan wayata.

Da safe tsohuwar ta dawo,
ta kwance kuɗinta daga bakin zane,
tana ba ni haƙuri: "Jiya ni na makara, 'yar nan."
Na miƙa mata sabulun, na ce,
"Ba ki makara ba, Iya.
Suna ne ba ki zo da shi ba."